Ƙwai Biyu Kowace Safiya

A unguwar Barade ba wanda bai san Mero mai zabi ba. Ba cika baki nake ba, sana'ata ke nan tun kafin a mai da Jalingo babban birnin jiha. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, ta saki ƙwanta a ciyawa ta kama gabanta, don haka ni nake bi ina tsincewa in sa wa kaji su kwanta a kai, kwana ashirin da takwas. Ranar kwana na goma nakan fito da su da hantsi ɗaya bayan ɗaya, in naɗe hannuna kamar bututu, in ɗaga ƙwan saitin rana. In mai rai ne za ka ga jan jijiyoyi sun bazu da wani ɗigon baƙi yana motsi a tsakiya. In baragurbi ne kuwa fayau yake. Shekara ashirin ina wannan duba, idona bai taɓa yaudarata ba sai a daminar 1994.

'Ya ɗaya tak ta rayu mini, kuma ita ce ta fari. Huɗu na binne bayanta, ba wanda ya kai yaye. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san da zamansa a gaban mutane. Ranar da aka yaye ta, yayar mijina, Adda, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, amma Adda ce uwa. Ita ke buɗe baki ta kira "Hamna" har maƙwabta su ji. Ni sai dai in ce "ke", ko "yarinyar nan". Shekara ashirin da biyu a haka. Kada wani ya ce mini ba ciwo, akwai ciwo mana, amma haka na tarar ana yi. In kun ji ina faɗin sunan yanzu, ku yi haƙuri, za mu zo wajen.

Aka yi mata aure a Yelwa, gidan wani malamin firamare, Siddiq, yaro mai kunya. Da ta samu ciki ta fara zuwa awo, nas ta ce jininta bai cika ba, ta riƙa cin ƙwai. Da labarin ya iso gida Adda ta tafa hannu.

"Ƙwai? Mai ciki? So suke ta haifa mana ɓarawo?"

Na ce, "Adda, ɓarayin da suka cika babbar kasuwa duk ƙwai uwayensu suka ci?"

Ta harare ni ta ce ba da ni take ba, 'yarta ce. Mijina Hammanjoda yana kan hanyar kudu da motar shanu kamar kullum, ba mai raba mu. Washegari na dafa ƙwan kajina guda biyu, na ƙulle a gefen zani, na bi ta Yelwa kafin in shiga kasuwa. Na ajiye mata a bakin ƙofa na ce, "Wucewa na zo yi." Ta ce, "Useko, Dada," wato na gode, uwata, da Fulatanci, kanta a ƙasa. Kashegari na sake zuwa wucewa. Wata huɗu ina wucewa ta Yelwa, hanyar da ba ta haɗa komai da kasuwa ba. Abin da bakina bai iya faɗa mata ba, shi nake ƙullewa a gefen zanin nan, kuma na san ta gane.

To, bari in koma baya kaɗan. Kafin in fara kai ƙwan da 'yan makonni, ƙuma ta addabi akurkina. Kaji ba sa barci, gefen idonsu ya yi baƙi ƙirin da ita, ni kaina in na shiga na fito sai susa. Na zuba toka, na yayyafa kananzir, na yi hayaƙin ganye, a banza. Maƙwabcinmu Tobias ya leƙo ta kan katanga ya gan ni ina masifa ni kaɗai. Tobias Bamumuye ne, mutumin kirki, gadi yake a filin wani ɗan kwangila can hanyar Abbare, inda aka jibge tsofaffin taransifomomin da aka ciccire lokacin da ake gyaran wutar gari. Da yamma sai ga shi da galan.

"Mama, wannan mai ya fi magani," in ji shi da irin Hausarsa. "Daga cikin taransifoma ne. Gara ba ya zo, ƙuma ba ya zo. Ni ma na shafa a katako na ɗaki na."

Ko sisi bai karɓa ba. Man garau yake kamar man gyaɗa, sai wani wari-wari mai kama maƙogwaro. Na samu tsumma na shafe bangon akurki da sandunan da kaji ke hawa. Sauran na juye a ramin da kaji da zabi ke birgima a gindin mangwaro. Kwana uku, ƙuma ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Kai, na sa wa Tobias albarka! Da Ista na aika masa zabo guda, na kuma ba mata biyu labarin man a wajen suna.

Kaji ba su yi ciwo ba. Wannan shi ne abin da har yau yake cina. Da ɗaya ta yi tari, ko ta saki fiffike, da na farga. Amma suna ci, suna sha, suna ƙwai, gwaiduwa jawur. Kuma tun da duk ƙwan kajin cikin yarinyar yake tafiya, ban sa wa ko kaza ɗaya kwanci ba har ruwa ya sauka.

Da ciki ya shiga wata bakwai aka kawo ta gida goyon ciki, ɗakin Adda. Zuwa lokacin Adda ta gaji da faɗa a kan ƙwai, sai dai tsaki. Yarinyar ta riƙa zuwa akurki da kanta tana ɗaukar biyunta. Zabi kuma suka fara saki, na tara arba'in na raba wa kaji uku, na sa gawayi da ƙusa a ƙarƙashin kowace saboda tsawa. Kwana na goma na ɗaga su a rana. Talatin da shida masu rai, jijiyoyi shar. Har na fara kafa tukwanen kama gara, don tsakin zabo ba abin da yake so kamarta.

Kwana ashirin da takwas, shiru. Ashirin da tara, na kara ƙwai a kunne, ina jin wani ɗan kuka can ciki, siriri, kamar na wanda ya gaji. Da la'asar na ɗaga kazar farko na ga biyu sun fito.

Na ɗauki ɗaya. Bakinsa na sama ya yi dama, na ƙasa ya yi hagu, sun gitta kamar almakashi, harshe a waje. Na ce wannan tsautsayi ne, ana samu. Na ɗauki na biyun. Wuyansa da cikinsa sun kumbura sumtum, ruwa na kai da kawo ƙarƙashin fata, yatsun ƙafarsa a dunƙule, ya kasa tsayawa. Gabana ya faɗi. Na kwashi sauran na zaga bayan ɗaki inda ba mai ganina, na riƙa fasawa da ɗan dutse. Duk sun cika halitta, gashi ya fito, sun mutu a cikin ɓawo ba su iya hudawa ba. Wannan baki a karkace. Wannan ido ɗaya, ɗaya gefen fata ce kawai ta rufe. Wannan kansa ya yi taushi kamar nunannen tumatir. Na fasa goma, na tona rami na rufe.

Na zargi tsawa. Na zargi bakin mutane, har na tuna wata mata da ta yaba zabina ba ta ce tubarkalla ba. Kwana uku bayan nan kaza ta biyu ta tashi daga kwanci, abin da na gani a ƙarƙashinta ya fi na farko muni. Ranar ban ci tuwo ba.

Da safe na zuba 'yan tsakin a kwano na rufe da faifai, na nufi asibitin dabbobi wajen Victoria. Ma'aikaciya ce a can, 'yar Jukun, kowace Kirsimeti wajena take sayen zabi, kuma ba ta da raini. Ta buɗe kwanon ta daɗe tana kallo. Ta juya ɗaya da tsinke.

"Mama, wannan ba ciwon kaji ba ne da na sani. Uwayen lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau."

"Kin canza musu abinci? Kin ba su wani magani?"

"Dusa ce da dawa, kamar kullum."

Ta ɗauki jakarta ta ce mu je ta gani. Muka iso gida rana ta ɗan ɗaga. Ta sunkuya ta shiga akurki, ta shafa bango da yatsa, ta shinshina. Ta je gindin mangwaro ta tona ƙasar ramin da takalminta, ƙasar ta fito baƙa, tana maiƙo, duk ruwan da aka yi bai wanke ta ba.

"Mene ne wannan?"

Na gaya mata, har da 'yar dariya, don ni a lokacin ban ga haɗin ba. Ita ba ta yi dariya ba. Ta goge yatsanta da ganye, ta sake gogewa.

Ta ce a makaranta an karanta musu irin wannan, amma ba ta taɓa gani da idonta ba sai yau. Ta ce man da ke cikin tsofaffin taransifomomi, wasunsu, akwai wani sinadari a ciki da ba ya ruɓewa, ba ya wankuwa, rana ba ta cinye shi. Kaza ta tsattsaga ƙasa ta haɗiye, ta gyara gashinta ta haɗiye. Ba ya kashe ta. Sai ya je ya kwanta a kitsenta, in ta zo yin ƙwai ta juye shi cikin gwaiduwa. Gwaiduwar nan kuwa ita ce abincin ɗan tsako tun yana ɗigon jini. Da ita ake gina masa baki, da ido, da zuciya. Babba yana ɗauka ya yi yawo da shi shekaru, amma wanda ake kan ginawa, kaɗan ya ishe shi.

"Shi ya sa kika gan su da rai a rana, Mama. Suna da rai ɗin. Ginin ne ya karkace."

Na ce to, Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Sai ta juyo ta dube ni.

"Ƙwan da ba ki sa wa kwanci ba, wa ke ci?"

Idona ya riga ya tsallaka tsakar gida. Yarinyar na zaune a tabarma a ƙofar ɗakin Adda, ta miƙe ƙafafu saboda nauyi, cikin ya yi gaba, ɗan gishiri a tafin hannunta. Ta ɓare ɗaya ta cinye, ɓawon na gefenta. Na biyun yana hannunta, ta kai shi baki.

"Hamna!"

Ban san ni na yi ihun ba. Ban san lokacin da na ƙetare tsakar gidan ba, ni da gwiwata ke ciwo. Na doke hannunta, ƙwan ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata. Na kama haɓarta ina cewa tofar, tofar, tofar da na bakinki. Ta tofar. Ta ɗago tana kallona, ba tsoron dukan ba ne a idonta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakina ba.

Adda ta fito da carbi a hannu. "Mero, kin haukace ne?"

Victoria ce ta yi bayani. Adda ta saurara har ƙarshe, ta zauna daɓas a kan turmi, sannan ta nuna ni da carbin.

"Na faɗa. Ban faɗa ba? Na ce kada a ba ta, kika mai da ni tsohuwar banza."

"Goggo, ba laifin ƙwai ba ne," in ji Victoria. "Da na kasuwa ta ci, da ƙaruwa ta yi. Man ne."

Wallahi da ta bar Adda ta zage ni ya fi mini sauƙi. Da na kasuwa ta ci. Ni ce na ce na kasuwa ba a san kwanansa ba, nawa ya fi.

Hamna ta dafa cikinta da hannu biyu. Muryarta ba ta ko rawa. "Anti, abin da ya samu 'yan tsakin, zai samu nawa?"

"Ban sani ba," in ji Victoria. "Mutum ba kaza ba ne, jikinki babba ne, kuma ɗanki ba a cikin gwaiduwa yake kwance ba. Da yawa suna haihuwa lafiya. Amma abin yana ratsawa daga uwa zuwa ɗa, ta ciki, har ta nono. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba komai ba."

"Ina son in gan su."

Na ce ba za ta gani ba. Na tsaya a gaban kwanon. Ta ce, "Dada, matsa." Na matsa. Ta ɗaga faifan ta duba, ta mayar ta rufe a hankali, ta shiga ɗaki.

Siddiq ya kai ta asibiti a ranar. Likita ya tattaɓa, ya kara abin saurare, ya ce zuciya na bugawa daidai, ɗan dai bai kai girman watanninsa ba amma ana samun haka. Gwajin wannan sinadari kuwa, ya ce babu a Jalingo, babu a Yola, shi bai ma san inda ake yi ba. A jira haihuwa. Saura mako shida.

Daga ganin sun dawo na ɗaura ɗamara na yi gidan Tobias. Na tanadi maganganun da zan gaya masa tun daga kakanninsa. Na same shi zaune a kan benci, Victoria ta riga ni biyawa. Sai a ranar na dube shi da kyau. Fuskarsa da bayan kunnensa duk wasu ƙuraje ne masu baƙin kai, hannuwansa sun yi duhu. Shi ke zura hannu cikin taransifoma yana ɗebo wa mutane, kyauta.

"Mama," ya ce, "ni ban sani ba. Wallahi Allah ban sani ba. Na ba mutum tara."

Ƙato da shi, yana kuka kamar yaro. Na watsar da duk zagin da na ɗauko. Na ce, "Tashi ka ɗauko diga. In mun gama ka bi mutum taran nan gida-gida, ni ma ina da biyu."

Victoria ta ce kada a ƙona komai, hayaƙinsa ya fi shi sharri. Tobias ya haƙa rami ya kai ƙirjinsa can bayan gari, nesa da rafi. Ya kankare bangon akurki, ya kwashe ƙasar gindin mangwaro a buhuna. Kaji goma sha bakwai, zabi ashirin da uku, aka yanka su a tsakar gidana. Akwai wata kaza wake-wake da ta yi mini kwanci shekara biyar, ita ta riƙa bina tana zaton tsaba zan watsa. Mutane suka taru a ƙofa. Wai haram ne a binne nama. Wai wuta na kashe kowace cuta, a ba su su dafa. Na ɗauko taɓarya na tsaya a bakin zaure na ce duk wanda ya taɓa ko fiffike sai na karya masa hannu. Suka watse suna cewa Mero ta zautu. Na raka buhunan har ramin, ban tafi ba sai da aka take ƙasa.

Abu ɗaya na ɓoye. Ɗan tsakon farko, mai bakin almakashi, bai mutu ba. Na sa shi a tsohuwar ƙwarya a ƙarƙashin gadona. Ba ya iya tsattsaga, sai in jiƙa gari in ɗiga masa da tsinke, in matse gara in sa masa a gefen baki. Na san wauta ce. Amma na ƙulla a raina cewa in wannan ya rayu, wancan ma zai zo lafiya. Yakan ji motsina ya ɗago kai yana kuka. Kwana tara ya yi. Ranar na goma na jawo ƙwaryar na same shi a miƙe, tururuwa har sun fara hawa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi wa kaji da zabi arba'in ba.

Mako shidan nan, Allah kada ya maimaita mini. Ina tuƙa tuwo ina lissafi, biyu sau kwana talatin, sau wata biyar, ya kai ɗari uku, kuma kowanne da hannuna na dafa ko na nuna mata inda yake. In na ga jariri a bayan wata a kasuwa, bakinsa nake fara kallo. In Hamna ta ce yau ɗan bai motsa sosai ba, sai in bar aikina in tsaya ina kallon cikinta. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda ban ji ba ko lokacin da nake binne nawa, don waɗancan Allah ne ya karɓa, ba ni na kai musu a gefen zani ba.

Hamna kuwa ba ta taɓa ce mini kome ba. Ko kallon banza. Rannan ina shara ta ce, "Dada, ashe kin iya faɗinsa." Na ce mene? Ta ce, "Sunana." Na ci gaba da shara, na share wuri ɗaya sau uku.

Naƙuda ta zo ranar wata Alhamis cikin watan Agusta, bayan an idar da asuba, ana yayyafi. Aka kira ungozoma, ita da Adda suka shige ɗaki suka saki labule. Uwa ba ta zama wajen haihuwar 'yar fari, ko gidan ma ba a so ta tsaya. Adda ta leƙo ta ce in tafi maƙwabta. Na ce to. Na je madafa na zauna a kan murhun da ba wuta, inda nake jin kome.

Hamna ba ta yi ihu ba, an hore ta da kyau. Nishi kawai, da muryar ungozoma. Rana ta fito, yayyafi ya ɗauke, hantsi ya yi. Can sai na ji nishin ya yanke. Na jira kuka. Babu. Na ji ungozoma ta ce a miƙo ruwa. Na ji ana ɗan bubbuga wani abu. Wallahi a wannan shirun na ga duk ƙwan da na fasa a bayan ɗaki, ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuka, siriri.

Ban nemi izinin kowa ba. Na banka labulen na shiga. Adda ta ce, "Mero! Kunya fa!" Na ce kunya ta ci kanta. Na karɓe ta daga hannun ungozoma tun ba a goge ta ba. Mace ce, 'yar mitsitsiya, ba ta fi zabuwa nauyi ba. Na kai ta bakin taga. Na sa ɗan yatsa na buɗe leɓenta, na sama a kan na ƙasa, daidai. Na shafa dasashi, na leƙa ganɗa, a rufe. Ido biyu, sun ɗan kumbura, amma biyu ne. Na ƙirga yatsun hannu, na ƙirga na ƙafa, na miƙe su ɗaya-ɗaya suka miƙu. Na danna cikinta ban ji ruwa ba. Na sake ƙirgawa.

"Dada," in ji Hamna daga kan tabarma. Ba ta tambaya ba, ta dai kira ni.

"Lafiyarta ƙalau, Hamna. Bakinta daidai."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Adda ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fara shigowa, kowa na barka. Ungozoma ta wanke jaririyar ta miƙa wa uwarta. Likita ya riga ya ce a ba ta nono duk da haka, hana ta ya fi haɗari. Na tsaya ina kallo ta lalubo ta kama, tana zuƙa da ƙarfinta, kowa na dariya wai ta zo da yunwa. Ni kaɗai a ɗakin nake tuna abin da Victoria ta faɗa a kan nono, da abin da ta ƙara mini a bakin zaure ranar da za ta tafi, cewa wani abin ba ya nunawa ranar haihuwa, sai an zo tafiya, ko magana, ko karatu.

Ranar suna aka sa mata Mero. Hamna ce ta nace, Adda ta yi fushin kwana biyu.

Washegari da hantsi Hamna na wankan jego, aka bar mini ita. Gidan tsit, ba kukan kaza, ba na zabo, akurki a buɗe ba kome ciki. Na fito da ita tsakar gida. Rana ta yi daidai yadda nake so in zan duba ƙwai. Ban yi niyya ba, hannuwana ne suka yi abin da suka saba. Na tallafe kanta, na ɗaga ta sama saitin rana, na runtse ido ɗaya. Hasken ya ratsa gefen kunnenta, ja, da 'yan jijiyoyi sirara. Iyakar inda ya shiga ke nan.

"Me kike yi da 'yar mutane?" in ji Adda daga bayana.

"Dubawa nake."

Na zaci za ta yi tsaki. Sai ta matso kusa, ta rage murya.

"Kin ga wani abu?"

"Ba a gani, Adda."

Ta karɓe ta ta rufe mata kai da zani saboda rana. Muka tsaya nan mu biyu, ba wanda ya koma ɗaki.